Daga El-Buhari Zuwa Karyewar Sefa



Da kwamitin bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya ya nemi ofishin magatakarda ya rubuta wani abu na tarihi a wannan fitowa, mun ga ya fi amfani mu ɗauki zamani guda mu bi shi daki-daki, maimakon mu jero sunayen shugabanni da shekarun da kowa ya yi. Mun zaɓi 1982 zuwa 1994. Da yawa daga cikinmu matasan ƙungiya ba a haife mu ba lokacin da abin ya fara, wasunmu kuma muna goye lokacin da ya ƙare. Amma sana'o'in da muke ci da su yau, kabu-kabu da canji da fito da ruwa-ruwa, a cikin waɗannan shekaru suka samu gindin zama. A cikinsu ne kuma ratar da ke tsakanin mai gingimari goma da mai tebur a bakin tasha ta buɗe yadda muke ganinta yanzu.

A ƙarshen shekarun 1970 ƙasashen biyu duk suna da kuɗi. Najeriya na da fetur, Nijar na da yuraniyom. An fara haƙo shi a Arlit a 1971, aka ƙara da ramin Akouta a 1978, gwamnatin Seyni Kountché ta gina otal ɗin Gaweye da babban zauren taro a Yamai, aka shimfiɗa kwalta daga Tawa har Arlit. Duk yaron da ya gama karatu aikin gwamnati na jiransa. A tsallake kuwa naira ta fi dalar Amurka daraja a banki, kuma Legas da Kano da Kaduna da Fatakwal suna haɗiye duk ƙarfin da aka kai musu. Da an gama girbi samarin Adar da Gobir da Katsinar Maraɗi da Damagaram sai su kama hanyar ci-rani: gadi, ga-ruwa, dako, shayi, yankan farce, aikin gini. Kafin ruwan shuka su dawo da rediyo da keke da turmin atamfa, da kuma naira a ƙugu, wadda ɗan canji ke ba su fiye da dala arba'in a kan kowace ɗaya. Wannan kuɗin ƴan ci-rani shi ne ke juya kasuwannin ƙauye. Shi mai koli ke jira, shi mai yadi ke jira, shi mai sayar da kayan ɗaki ke jira idan lokacin aure ya zo.

A sama da su akwai manyan alhazai. Iyayenmu na Maraɗi da sayen gyaɗa suka fara, sai yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya toshe wa Arewacin Najeriya wasu hanyoyinta, su kuma suka buɗe mata wasu. Daga nan harkar taransi ta kafu: taba sigari da atamfa da shadda da leshi su sauka a Kwatano ko Lome, su iso Maraɗi da takardunsu cif, a biya duwan ta Nijar haƙƙinta, sannan kayan su tsallaka inda aka hana shigo da su. Har wani Bafaranshe mai bincike, Emmanuel Grégoire, ya rubuta littafi sukutum a kan alhazan Maraɗi, ya fito a 1986. Masu wannan harka na da banki a bayansu, musamman BDRN, suna da gidaje da abokan ciniki a Kano da Katsina. Tun kafin wahala ta zo, ke nan, kasuwar iyaka hawa biyu ce.

Farashin yuraniyom ne ya fara faɗuwa daga 1980, na fetur ya biyo baya. A watan Afrilu 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu, ta taƙaita shigo da kaya, komai sai da lasisi. Lasisin nan ya zama haja da kansa: wanda ke da ƙafa a jam'iyya ya karɓa, ya sayar wa mai masana'anta ko ɗan kasuwa, ya ci riba bai taɓa ko kwali ɗaya ba. Masana'antun Bompai da Sharaɗa suka rasa kayan aiki, suka fara sallamar ma'aikata. Ranar 17 ga Janairu 1983 ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ya ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar ƙasar. Mutanen da suka fita sun kai kimanin miliyan biyu, wajen rabinsu ƴan Gana, shi ya sa har yau jakar nan mai zane-zane ke ɗauke da sunansu. Amma namu ma sun dawo da dubbansu ta Ɗan Isa da Ƙonni da Magarya, wasu a ƙafa, da yawa ba tare da kuɗin aikin da suka yi ba. Shekarar zaɓe ce, kuma an gaya wa talakan Najeriya cewa baƙi ne suka tare masa aiki. Baƙin suka tafi, ƙofar masana'anta ta ci gaba da zama a rufe, don abin da ya rufe ta rashin kuɗin waje ne. Abin lura kuma, Bahaushen Maraɗi mai gida da shago a Fagge babu wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Wanda aka kwasa shi ne mai kwana a tasha.

A wannan shekarar ce Nijar ita ma ta sa hannu da Asusun Lamuni na Duniya, ta nemi a jinkirta mata biyan bashi, aka fara daskarar da albashi da ayyukan gine-gine.

Sai 1984. Wannan shekara ce ya kamata mu tsaya a kanta, don ita ce dattawanmu ke ambata da sun zauna hira.

Ranar ƙarshe ta 1983 soja suka karɓi mulki a Najeriya, marigayi Janar Muhammadu Buhari ya hau. A ƙarshen Afrilu 1984 aka wayi gari da sanarwar an sauya launin takardun naira, an ba mutane abin da bai kai mako biyu cikakku ba su canza, kuma an rufe iyakokin ƙasa duka. Mutum ɗaya naira dubu biyar ake canza masa hannu da hannu, abin da ya haura sai ya zuba a banki ya yi bayanin inda ya samo. Manufar gwamnati a fili take: naira mai yawa ta fita waje a hannun ƴan siyasa da masu fasa-ƙwauri, ana so ta mutu a can. Ta kuwa mutu. Sai dai a duba a hannun wa ta mutu. Ɗan ci-ranin da ya dawo da guzurin shekara ya binne a gwangwani, da makiyayin da ya sayar da sa a Jibiya ko Maigatari aka biya shi da naira, da matar da ke zubin adashi da naira don a ƙauyukan bakin iyaka ita ce kuɗin cefane, waɗannan ba su da asusu a banki, ba su da wanda zai tsaya musu a layi a Katsina, ga hanya a rufe da soja. Wasu sun sayar da takardunsu a wulaƙance ga masu iya ratsa daji. Wasu labarin bai iso musu ba sai da wa'adi ya wuce. Mai gida a Kano kuwa ya raba kuɗinsa ga yaransa da ƴan uwansa, kowa ya shiga layi da dubu biyar ɗinsa. An yi asara a sama ma, ba mu ce ba a yi ba, akwai alhazan da buhunan naira suka zame musu takardar ƙunshin ƙosai. Amma wanda ya rasa kashi ɗaya na dukiyarsa da wanda ya rasa jarinsa gaba ɗaya ba kuka ɗaya suke yi ba.

Bayan wata biyu aka shiga damina, ruwa ya ƙi. Amfanin gona na 1984 ya lalace daga Tilaberi har Difa, ciyawa ba ta fito ba. A al'ada idan hatsi ya gaza a Nijar daga kudu ake cike giɓin: dawa da masara da garin rogo su hauro ta Jibiya da Illela da Maigatari, dabbobi su gangara. A wannan karon ƙofa a kulle take, kuma an hana fitar da abinci. Mutanenmu sun saba raɗa wa yunwa suna, kamar yadda kakanni suka kira ta 1914 Kakalaba. Wannan sai aka kira ta El-Buhari. Adalci shi ne a ce ba shi ya hana ruwan sama ba, kuma ƴan uwanmu na Daura da Katsina da Sakkwato sun sha irin tasu, ga fari, ga layin sayen shinkafa da madara da sabulu, ga korar ma'aikata da gwamnatin soja ta yi da dubbai. Amma mai jin yunwa da ya ga hatsi a tsallake, tafiyar rabin yini, aka ce ba zai ɗauko ba, sunan wanda ya rufe ƙofar zai riƙe. A watan Yuni 1985 kogin Kwara da kansa ya tsaya da gudu a Yamai, mutane suka taka cikinsa da ƙafa.

Yunwa ma ba ta raba kanta daidai. Makiyayi ya sayar da saniya a kuɗin da bai sayi buhun hatsi ba, don in bai sayar ba mushe za ta zama. Manomi ya jinginar da gona, mata suka fitar da tasoshi da zannuwan aure. Duk abin da aka sayar akwai wanda ya saya. Wanda ke da mangaza cike da hatsi, da wanda ke da motocin da aka yi haya don jigilar abincin agaji, da wanda ke da tsabar kuɗi a hannu lokacin da dabba da fili suka zama banza, sun fito daga El-Buhari da ƙarfin da ba su shiga da shi ba. Cikinsu akwai waɗanda suka ciyar da unguwa guda kullum har aka yi girbi, kuma mutane ba su manta ba, Allah ya saka musu. Wannan bai canza lissafin ba: garken da ya bar hannun Bafillace da Buzu a shekarar, mai yawansa bai koma ba, sai dai su koma kiwonsa a matsayin ƴan ƙwadago.

Iyakar kuma ba ta taɓa rufuwa ruf ba, duk wanda ya san dajin da ke tsakanin Madarunfa da Jibiya ya san haka. Abin da rufewa ta yi shi ne ta tsadar da tsallakawa. Kuɗin da ake ajiyewa a kowane shinge ya ninka, hanya ta ƙara tsawo, haɗarin ƙwace ya ƙaru. Mai tirela yana raba wannan kuɗi a kan buhu ɗari shida, ya kuma ɗora a farashi, tun da kayan sun yi wuya. Mai buhu biyu a kan jaki ba shi da inda zai raba, in aka ƙwace kuwa shi ke nan. Saboda haka ƙananan fatake da yawa suka daina fataucin kansu suka koma yi wa manya fito. A wannan lokacin ne samarin Ƙonni da Illela suka fara ɗaukar mutane da kaya a babur ta barauniyar hanya, abin da ya zama kabu-kabun da yanzu babu garin da babu shi.

A 1985 aka sake korar baƙi karo na biyu. A watan Agusta Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki, a Maris 1986 ya buɗe iyaka, bayan kusan shekara biyu. Murnar ba ta daɗe ba. Fetur ya faɗi ƙasa da dalar Amurka 15 a ganga, kuma duk da cewa ƴan Najeriya sun yi muhawara sun ƙi bashin Asusun Lamuni, gwamnati ta ɗauko sharuɗɗan da kanta ta kira su SAP. A watan Satumba 1986 aka fara gwanjon kuɗin waje, cikin ƴan kwanaki dalar Amurka ɗaya ta koma wajen naira huɗu. Daga nan naira ba ta sake tsayawa ba. A 1993 dalar ta kai naira 22 a banki, a Wapa ta wuce haka nesa. Nairar da ake canzawa fiye da dala arba'in ta sefa ta dawo ba ta kai dala biyu ba.

Faɗuwar naira ta juya kasuwar iyaka kamar an juya waina. Mai sefa a aljihu in ya shiga Kantin Kwari ko Sabon Gari sai ya ga komai kamar kyauta: atamfar Kaduna da Kano, sabulu, robobi, siminti, magani, takin zamani mai tallafin gwamnati. Fetur kuwa ba a magana, lita tana kwabo 70 a 1991, ruwan sha ya fi shi tsada. Wanda ke sayo kaya daga kudu ya kawo arewa ya samu shekarun da bai taɓa gani ba, kuma a nan ne jarkoki da kwalaben ruwa-ruwa suka cika bakin titi daga Gaya har Difa. Wanda ke kai kaya kudu kuwa, mai dabbobi da mai wake, ana biyansa da kuɗin da ke narkewa kafin ya iso gida. Ɗan ci-rani ya yi wata shida yana tura kurar ruwa, ya dawo ya canza, abin da ya samu bai kai na wata ɗaya a da ba. Masana'antun Nijar ƴan ƙalilan da ake da su ba su iya gasa da kayan naira ba. Masaƙar SONITEXTIL ta Yamai ta shiga halin ni-ƴasu, a Maraɗi matatar man gyaɗa ta SICONIGER da majemar SONITAN suka durƙushe, ma'aikatansu suka dawo kasuwa neman abin yi. Baitulmali ma ya rasa harajin fetur da na kayan da ke shigowa ta daji. Dole mu faɗi gaskiya a nan: arhar da ta taimaki talaka ya sayi sabulu ita ce ta kori ɗan uwansa daga aiki, kuma mu ne muka yi dakonta.

A tsallake SAP ta cinye mai albashi. Malamin makaranta da akawu da ɗan sanda suka ga albashin wata ba ya kai mako biyu, mai babur ya mai da shi acaɓa da yamma. Gwamnati ta kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE, ta buɗe Bankin Al'umma a 1989 don ba ƙananan masu sana'a rance, a shekarar da ɗalibai da ƴan gari suka yi boren ƙin SAP a manyan birane. Amma babbar ribar zamanin wani wuri ta tafi. Bankuna sun tashi daga kimanin arba'in zuwa kusan ɗari da ashirin cikin shekara shida, kuma da yawansu sana'arsu ɗaya ce, su sayi dala a gwanjon gwamnati su sayar a bayan fage. An hana shigo da shinkafa a 1985, alkama a 1987, da niyyar a ƙarfafa noman gida. Kowane hani sabon ciniki ne ga mai jarin da zai iya sauke jirgi a Kwatano.

Nijar ta shiga nata gyaran da Bankin Duniya a 1986. Aka cire wa kamfanonin gwamnati irin su COPRO-Niger da SONARA ikon da suke da shi su kaɗai, aka rage OPVN ta koma ajiyar hatsin ko-ta-kwana. An ce an sakar wa ƴan kasuwa mara, kuma haka ne, sai dai gurbin da kamfanin gwamnati ya bari mai miliyoyi ne kawai ke iya cike shi. A 1990 bankin BDRN ya rushe a ƙarƙashin basussukan da ba a biya ba. Muna faɗin wannan da ladabi, don maganar ta shafi gidajen da muke girmamawa: waɗanda suka ci bashin nan ba masu tebur ba ne, masu tebur ko ƙofar bankin ba su sani ba. Amma bayan rushewarsa rance ya yi wa kowa wuya, kuma ƙasa ce ta ɗauki nauyin abin da ya bari.

Ɗaukar duk wanda ya gama karatu aiki ya tsaya. Aka fito da shirin lallashin ma'aikata su ajiye aiki da kansu a ba su ɗan jari, wasu suka karɓa suka shigo kasuwa ba su san kanta ba, jarin ya narke cikin shekara. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito a Yamai suna ƙin matakan tsuke ilimi, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy, uku suka rasu. Daga nan aka tafi Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ya kawo siyasar jam'iyyu amma ya tarar da asusu babu komai. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou har sai da ta amince da Taiwan a 1992 don ta samu kuɗin da za ta biya albashi. Bashin albashi ya taru wata bisa wata. Wanda bai zauna a kasuwa ba zai ɗauka wannan matsalar ma'aikata ce su kaɗai. Ma'aikaci a kan bashi yake ci: mai shinkafa, mahauci, mai itace, mai gidan haya, duk ƙarshen wata suke jira. In wata ya ƙare ba a biya ba, littafin bashin mai tebur ne ke cika, shi kuma maigidan da ya ba shi kaya ba ya jira.

Sefa ita ce ta rage a tsaye, kuma tsayuwarta ta sa kowa ke nemanta. Ƴan kasuwar Kano da Legas na karɓarta hannu bibbiyu don ana kai ta Turai a canza kai tsaye. A watan Agusta 1993 babban bankin BCEAO ya daina karɓar takardun sefa da aka fitar wajen ƙasashen da ke amfani da ita. Masu ido sun gane abin da ke tafe, suka fara mai da kuɗinsu faran na Faransa da dala, ko su cika mangaza da kaya. A Disamba shugaba Houphouët-Boigny na Kodebuwa, wanda ya daɗe yana tare wannan mataki, ya rasu. Daren 11 ga Janairu 1994, a Dakar, bayan taron shugabanni da shugaban Asusun Lamuni Michel Camdessus da ministan Faransa Michel Roussin, aka karanta sanarwa. Faran ɗaya na Faransa da ake saye dala goma ya koma dala ashirin. Darajar da ba a taɓa ba tun 1948 aka raba ta biyu a dare ɗaya, saura wata ɗaya azumi.

Washegari shaguna da yawa ba su buɗe ba, ana sake lissafi. Wanda ke da kuɗi a waje ya kwana da ninkin dukiyarsa. Wanda mangazarsa ke cike da kayan tsohon farashi ya sayar a sabo. Wanda ya karɓi kaya bashi daga Turai bai biya ba tukuna, bashinsa ya ninka, kuma akwai gidajen kasuwanci da ba su sake tashi ba daga nan. Magani da madara da sukari da kayan gyaran mota suka tashi, kujerar Makka ta fi ƙarfin mutane da yawa da suka yi shekaru suna tari. A shekarar tsadar kaya ta haura kashi 30 cikin 100, ƙarin albashin da gwamnatin Mahamane Ousmane ta yi bai kama ƙafar hakan ba, ƙungiyar ƙwadago ta USTN ta shiga yajin aiki na makonni.

Akwai waɗanda karyewar ta yi wa rana, kuma a karon farko cikin shekara goma ƴan karkara ne. Naman Turai mai ƙanƙara ya yi tsada a Abijan da Kwatano, aka dawo neman shanun Sahel. Albasar Galmi da wake da dabbobi suka yi kuɗi, nairar da mai dabba ke karɓa a Maigatari ta ƙara auki in ya canza. Sai dai a watan nan na Janairu gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafe dala a naira 22 a hukumance, ta matsa wa ƴan canji, a bayan fage kuwa naira ta ci gaba da zubewa har dala ta haura tamanin. Kafin shekara ta zagayo mafi yawan abin da makiyayi ya samu a canji ya koma inda ya fito. Wanda ke samun dala a 22 ya sayar a tamanin shi ne ya ci kasuwar shekarun Abacha, ba tare da ya loda ko buhu ɗaya ba.

A duk tsawon shekarun nan gwamnatocin biyu sun kafa hukumomi don marasa aiki, NDE can, NIGETIP mai ayyukan kwalbati da shimfiɗa dutse nan. Sun ɗauki wanda suka ɗauka. Amma korarren ma'aikacin masaƙa, da ɗan makarantar da ya gama bai samu aiki ba, da makiyayin da garkensa ya ƙare, da ɗan ci-ranin da aka koro, kasuwar iyaka ce ta karɓe su. Ta ba wannan babur, ta ba wancan jarka, ta zaunar da wani a benci da damin kuɗi yana canji. Aiki ne marar fansho, marar asibiti, wanda sanarwa ɗaya a rediyo ke iya kashewa, kuma hukumar da ta kasa ba su wani ita ce ke kiransu ƴan sumoga.

Mu da ba mu ga 1984 ba mun ga ƙannenta. An rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. An sake sauya takardun naira a ƙarshen 2022, mutanenmu suka yi ta yawo da tsofaffin kuɗi suna neman mai karɓa. A ƙarshen Mayu 2023 aka cire tallafin fetur, ƴan ruwa-ruwa da yawa suka kife jarkokinsu. Bayan wata biyu takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya har Maris 2024, albasa ta ruɓe a cikin motoci a bakin iyaka. A kowanne daga cikinsu ƙungiya ta aika wakilai, an yi zama da duwan da kwastan a kan motocin da suka maƙale, kuma an samu sakin wasu. Wannan aiki ne mai kyau. Sai dai mota tana da lamba da takarda da mai ita da za a kira a waya. Yaron mota da ɗan dako da mai fito da matar da ke dafa musu abinci a tasha ba sa cikin kowace takarda da muka kai gaban hukuma.

Littafin kuɗin wata-wata da ke ofis yana nuna sunayen da suka daina biya tun 2019, kuma galibinsu daga rukunin ƙananan ƴan kasuwa suke. Ba mu goge kowa ba. Muna roƙon shugabannin rassa, kafin babban taro mai zuwa, kowa ya bi na yankinsa ya gano mana wanda ya rasu, da wanda ya bar gari, da wanda jari ne ya karye masa yana jin kunyar zuwa, a kawo wa magatakarda a rubuce, don a sa maganarsu cikin ajanda tare da ta asusun taimakon juna.